Babi na Huɗu: Awa Ɗaya Cikin Ruwa

Mutumin da ya haura shekara 40, ga iyali ga tumbi, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba, anya zai iya koyon iyo har ya yi doguwar tafiya a ruwa? Duk majalisar da aka ɗauko zancen motsa jiki, daga Daurawa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, da wuya a tashi wani bai jefo wannan tambaya ba. Masu yin ta sukan kasance waɗanda gwiwa ta hana su gudun safe a bakin titi, ko masu hawan jini da ciwon suga da likita ya ce su rage ƙiba, aka kuma ba su shawarar iyo.

Amsar ita ce zai iya. A wannan babi za mu kafa buri ɗaya mai iyaka: mutum ya shiga ruwa, a danna agogo, ya yi iyo na awa ɗaya cur, bai taka ƙasa ba, bai rataya a bango ba, wani yana gefe yana ƙirga masa nisan da ya ci. Abin da zai kai shi can shi ne daidaita numfashi da haƙurin maimaitawa. Ƙarfin damtse da ƙuruciya taimakonsu kaɗan ne a wannan fage.

Daga ina tsoron ya samo asali?

Kano ba garin gulbi ba ne. Ruwan da yaron birni ya tashi ya gani shi ne kududdufi, ramin da kakanni suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, damina ta zo ta cika shi. Bakinsa santsi, gindinsa laka, zurfinsa kuma ba ya zuwa a hankali: taku ɗaya ruwa yana gwiwa, taku na biyu ya shanye mutum. Kowace shekara Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano tana sanar da yara da samarin da ta tsamo daga irin waɗannan ramuka. Ba a manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgin fito ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu. A faɗin duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa yana cin mutum kusan 300,000 a shekara.

Saboda haka uwar da ta tsawatar wa ɗanta kada ya kusanci ruwa tana da hujja. Sai dai hanin ya tsaya a hani, ba a biyo shi da koyarwa ba. Yaron ya girma, ya zama magidanci, yana hawa kwalekwale zuwa biki ko ta'aziyya, alhali bai san yadda zai riƙe kansa a kan ruwa ko da na minti ɗaya ba.

Iyo kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkawa da Kabawa a ruwa suke neman abinci tun tale-tale. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, akwai wasannin kabanci: tseren iyo, da nutso, da tseren kwalekwale, da kamun agwagwar ruwa da hannu. Malamai ma sukan ambato umarnin da aka jingina wa Sayyidina Umar na a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Hausawa suka ce iya ruwa fid da kai. Babban da ya tashi koyon iyo yau bashi ne yake biya wanda aka ci masa tun yana yaro.

Shekaru ba su rufe ƙofa ba

Tsakanin Ingila da Faransa akwai mashigin teku mai faɗin kimanin kilomita 33, shi ne ma'aunin da masu dogon iyo na duniya suke gwada kansu da shi. Kyaftin Matthew Webb ne ya fara ƙetare shi ba tare da wani abin taimako ba, a watan Agusta 1875, cikin awa 21 da minti 45. A 1950 wani sojan Masar, Hassan Abdel Rehim, ya lashe tseren ƙetare wannan mashigi cikin awa 10 da minti 50, a lokacin ya riga ya haura shekara 40. A 2014 Otto Thaning, likitan tiyatar zuciya daga Afirka ta Kudu, ya ƙetare yana da shekara 73.

Kusa da gida ma akwai misalai. A 2023 Yvette Tetteh ta bi kogin Volta na Gana da iyo har kilomita 450 cikin kwana 40. A 2024 Akinrodoye Samuel ya yi iyon tsawon gadar Third Mainland ta Legas, kilomita 11.8, don jawo hankali ga lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda labarinsa ya fi kusa da mai farawa shi ne Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini. A ƙaramin kwamin otal ya koyi iyo, watanni kaɗan kafin gasar Olamfik ta Sidni a 2000, kuma bai taɓa ganin kwami mai tsawon mita 50 ba sai da ya isa can. Da ƙyar ya kammala mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52. Bai daina ba. Cikin 'yan shekaru ya sauko da lokacinsa ƙasa da minti ɗaya, daga baya ya zama mai horar da 'yan iyon ƙasarsa.

Akwai dalilin da ya sa manya suke daɗewa a wannan wasa. Ruwa yana ɗauke nauyin jiki, don haka gwiwa da ƙugu da idon sawu ba sa shan dukan da suke sha a kan kwalta. Kitsen jiki, wanda yake nauyi ga mai gudu, a ruwa yana taimaka wa mutum ya taso sama, yana kuma riƙe masa ɗumi. Dogon iyo yana son natsuwa da sanin gwargwado, abubuwan da babba ya fi yaro. Gemu ba ya hana ilimi.

Kafin a jiƙa ƙafa

Matakin farko a asibiti yake. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko asma, ya ga likita ya gaya masa abin da yake niyya. Mazauna Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan a kan titin Zariya, ga kuma ƙananan asibitocin unguwa. Mai farfaɗiya kada ya shiga ruwa sai da izinin likita, kuma da wanda ya san lalurarsa a kusa da shi.

Na biyu, wurin koyo. Kududdufi da rafi ba makaranta ba ne. Ban da haɗarin laka da zurfi, akwai tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ke kwance, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. A nemi kwamin iyo mai tsabta, irin na otal-otal da kulob-kulob, wanda ake ganin ƙasansa tar daga sama, mai ɓangare marar zurfi da mutum zai tsaya ruwa yana ƙirjinsa, kuma akwai mai ceto a bakin aiki. Kuɗin shiga yana da nauyi ga mai ƙaramin albashi. Idan mutum biyar ko shida suka haɗu suka nemi a yi musu kuɗin wata, suka ɗauki mai koyarwa ɗaya, nauyin yakan ragu. Mata su ma haka za su yi: su haɗa kai su nemi a keɓe musu lokaci, da mace mai koyarwa, da kayan iyo masu rufe jiki waɗanda ba sa shan ruwa. Atamfa da shadda da zanin gida idan suka jiƙe nauyi suke yi, suna naɗe ƙafa.

Kayan aiki ba su da yawa: wando ko rigar iyo, tabaran ruwa, hular roba ga mai gashi, da agogon da ruwa ba ya ɓata shi. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci, ga mai koyo da gwani duka: ba a shiga ruwa a kaɗaice. Masunta da kansu suke cewa ruwa gwani yake ci.

Numfashi ne tushe

Kusan duk babban da ya fara iyo ƙorafinsa ɗaya ne: "Ina iya tafiya daga Daurawa har Kasuwar Sabon Gari a ƙafa, amma tsallake ɗaya a ruwa sai haki." Yakan ɗauka huhunsa ne ba shi da ƙarfi. Gaskiyar magana riƙe numfashi yake yi. Idan fuska ta shiga ruwa sai ya ƙunshe iska a ƙirji, idan ya ɗago sai ya so ya fitar ya kuma shaƙa cikin ƙiftawar ido. Gurɓatacciyar iskar da jiki ke son fitarwa tana taruwa a jini, ita ce ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon firgita. Da firgita ta zo sai hannu da ƙafa su fara fafutuka, jiki ya ƙara neman iska, haki ya ƙaru.

Maganin shi ne a juya tsarin. Ana fitar da iska a cikin ruwa, a hankali, ta hanci da baki, duk tsawon lokacin da fuska take ciki. Idan aka juyo da kai gefe, aikin da ya rage shaƙa ne kawai. Mai koyo ya tsaya a wuri marar zurfi, ya dafa bango, ya nutsa fuska yana hura kumfa, ya juyo ya shaƙa, ya koma. Sau 20, ya huta, ya sake. Makonni biyu na farko ko da wannan kaɗai aka yi ba a yi asara ba. Wanda ya tsallake wannan darasi don jin kunyar yara suna kallonsa, zai dawo gare shi bayan watanni, dole.

A kwanta, kada a tsaya

Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800. Duk gaɓar da ta fita daga layin jiki birki ce. Mai tsoro yakan ɗaga kai don ya ga gabansa, kuma da kai ya ɗagu sai ƙugu da ƙafafu su nitse, mutum ya koma yana tura ruwa da ƙirji da cinya. Ƙarfinsa yana ƙarewa a wurin yaƙi da ruwa, tafiya kuwa kaɗan.

Gyaran shi ne a kalli ƙasan kwami, a saki wuya, a ɗan danna ƙirji cikin ruwa. Huhu cike da iska zai riƙe mutum, ƙugu kuma ya taso da kansa. Ƙafa a dogon iyo aikinta daidaita jiki, don haka bugu kaɗan-kaɗan daga ƙugu ya isa. Manyan tsokokin cinya suna cin iska da yawa, wanda ya dage da dukan ruwa da ƙafa ba zai kai minti goma ba. Hannu ya shiga gaba, ya miƙe, ya kama ruwa da tafi da sangali, ya tura shi baya har cinya, jiki yana ɗan mirginawa dama da hagu.

A wannan mataki ne kuma ake koyon kwanciyar rigingine: fuska sama, kunnuwa cikin ruwa, hannuwa a buɗe, numfashi a natse. Duk ranar da jijiyar ƙafa ta ɗaure ko aka shaƙi ruwa, nan ne mafaka. Kada kowa ya matsa zuwa ɓangare mai zurfi sai ya iya yin minti biyu a haka ba tare da fargaba ba.

Ƙari da tilawa

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san yadda ake hadda. Ba a ɗaukar izu a rana ɗaya. Ana yin ƙari ɗan kaɗan, a wanke allo, a yi ta tilawar na baya har ya zauna, kuma almajirin da ya yi sati bai buɗe baki ba sai ya tarar karatu ya zube. Horon dogon iyo haka yake tafiya.

Kwana uku a mako shi ne mafi ƙarancin abin da ke gina jiki, minti 30 zuwa 45 kowane zama. Zama uku gajeru sun fi dogon zama ɗaya na ranar Lahadi amfani. A farko tsallake ɗaya ake yi daga bango zuwa bango, a huta rabin minti, a sake, har sau takwas ko goma. Idan wannan ya daina sa haki sai a haɗa tsallake biyu, daga nan huɗu. Shingen da ya fi wuya shi ne mita 400 na farko ba tsayawa. Wani yakan kai can a wata biyu, wani a wata huɗu, kuma babu wanda ya makara. Da an ƙetare shi abu yakan sauya: numfashi ya sami kari, jiki ya daina gardama, mita 800 su zo da sauƙin da ba a zata ba.

Daga nan sai a raba kwanakin uku. Rana ɗaya ta gyaran salo ce, a hankali. Rana ɗaya ta gajerun tafiye-tafiye ce, misali mita 100 sau takwas da ɗan hutu a tsakani. Rana ta uku ta doguwar tafiya ce, ita ake ƙara wa minti uku zuwa biyar kowane mako: 15, 20, 25, har 50. Duk mako na huɗu a rage aiki don jiki ya murmure. Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi saurin ƙorafi. Gajiyar tsoka ba komai, amma zafi mai suka a cikin gaɓar kafaɗa alama ce ta a dakata, a duba salo, idan ya ƙi tafiya a ga likita. Babban da ya fara daga babu, ya riƙe wannan tsari, ya ba kansa wata tara zuwa shekara ɗaya.

Lissafin agogo

Tun da gwajin na lokaci ne, dole mutum ya san saurinsa. A auna tsawon kwamin da tef, domin na otal da yawa ba su kai mita 25 ba. Sannan a ɗauki lokacin mita 100 a tafiyar da mutum zai iya riƙewa ba haki. Wanda yake cin mita 100 a minti 4 zai yi mita 1,500 a awa, wato tsallake 60 a kwami mai mita 25. Mai minti 3 zai yi kilomita 2, tsallake 80. Mai minti 2 da rabi zai yi mita 2,400, tsallake 96. Zakarun Olamfik, inda aka shigar da tseren kilomita 10 tun gasar Beijin ta 2008, suna gama wannan nisa cikin kimanin awa biyu. Wannan nasu ne. Abokin takarar magidancin Daurawa shi ne lambar da ya rubuta a littafinsa watan jiya.

Hunturu, bazara da azumi

Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. A asubahin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama a Kano, kwamin da ke fili yakan yi sanyin da zai sa numfashi ya sarƙe da zarar an faɗa. A mayar da horo zuwa bayan Azahar, a shiga a hankali, a jiƙa fuska da wuya tukuna. Idan haƙora suka fara kaɗawa ko yatsu suka ƙi haɗuwa, a fito, a goge jiki, a sha abu mai ɗumi.

Bazara kuma nata haɗarin daban. Mutum yana gumi a cikin ruwa bai sani ba, rana tana dukan ƙeya da kafaɗa. A ajiye gorar ruwan sha a bakin kwami, a zaɓi sanyin safiya ko bayan La'asar. A watan azumi mafi sauƙi shi ne a rage aiki a mayar da shi dare bayan Asham, idan wurin yana da haske da mai ceto, ko a riƙe jiki da tafiyar ƙafa da miƙe gaɓoɓi har bayan Salla. Kada a sa ranar gwaji cikin azumi ko tsakiyar hunturu.

Ranar gwaji

Mako guda kafin ranar a rage horo zuwa rabi, a yawaita barci. A ci abinci marar nauyi awa biyu zuwa uku kafin shiga: kunu, burodi, ayaba ko dabino. Ba ranar gwada sabon abinci ko sabon tabarau ba ce. A zo da mutum biyu, ɗaya riƙe da agogo da takarda yana jan layi a kowane tsallake, ɗaya kuma idonsa a kan mai iyo kawai. A yi yarjejeniya tun a waje cewa idan suka ce a fito, za a fito ba musu.

Minti goma na farko su ne tarko. Jiki yana da ƙarfi, zuciya tana ɗoki, mutane suna kallo. Wanda ya biye wa wannan zai biya a minti na 35. A fara da tafiyar da ake ji kamar ta yi sanyi da yawa. Tsakanin minti na 25 da na 45 ne wasiwasi yake zuwa: kafaɗa ta yi nauyi, lissafi ya rikice, zuciya ta fara kawo uzuri iri-iri. A nan kada a tuna da awa. A tuna da tsallake huɗu masu zuwa kawai, idan sun wuce a ɗauki wasu huɗun. Wasu suna ƙirga bugun hannu, wasu suna zikiri a zuci daidai da karin numfashi. Idan an shaƙi ruwa a juya rigingine, a yi tari, a natsu, a ci gaba, agogo bai hana wannan ba. Da mai ƙirga ya ɗaga hannu alamar saura minti goma, wanda ya yi tattalin ƙarfinsa zai tarar yana da abin kashewa.

Alamomi uku ne ba a jayayya da su: ciwo ko matsi a ƙirji, jiri, da ruɗewar tunani. Ko saura minti ɗaya ne a fito. Ana iya sake sa wata rana.

Idan agogo ya cika, kada a zabura a miƙe. A riƙe bango, a huta, a fito a hankali, a sha ruwa, a rubuta kwanan wata da nisan da aka ci, shaidu biyu su sa hannu. Wanda ya kai nan ya sami lafiyar zuciya da huhu, ya kuma sami abin da ya fi wannan: ya zama uba ko uwar da za ta iya kama hannun ɗanta ta shiga ruwa da shi ta koya masa, maimakon tsawa daga nesa.

Sai dai kwami yana da bango kowane mita 25, ruwansa garau, ƙasansa a shafe. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, kimanin kilomita 70 kudu da Kano, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A can akwai iska da igiyar ruwa, da ragar masunta, da kututturan da ruwa ya rufe, da tsargiya. Babi na gaba zai ɗauke mu zuwa can: yadda ake neman izini da shawarar sarkin ruwa, yadda kwalekwalen rakiya yake tafiya da mai iyo, yadda ake riƙe alƙibla inda babu layi a ƙasa, da yadda ake ceton wanda ruwa yake ci ba tare da an zama na biyu ba.